Zoben Waya a Gidan Illa Maƙeri

To, ku gyara zama, na yau ba na dariya ba ne. Labarin gidan Illa maƙeri ne, nan Matameye, tun Nasara bai daɗe da zama ba, gwamnansu ma yana Damagaram, ba a koma Yamai ba. Tsofaffin unguwarmu kowa da yadda yake faɗinsa. Ni dai yadda na ji shi haka zan ba ku.

Shi Illa maƙerin fari ne, ba na garma da lauje ba. Munduwa, zobe, awarwaro, kayan jan ƙarfe da tagulla. In ya haɗa bakin munduwa ya liƙe, ko da farce ka bi ba ka jin inda ya haɗa. Matarsa Baiwa, 'yarsu guda ɗaya tal, Shekara, ba ta wuce goma sha biyu ba. Sai wata tsamiya a tsakar gidan, doguwa, wadda in kana tahowa daga Kance ita kake fara hangowa. Tsayin nan nata shi ya jawo masu.

Wani sarjan Nasara ya sauka garin da raƙuma biyu da akwatuna. Aikinsa wayar iska. Kun san lokacin tangarahu sai an ja igiyar waya bisa sanduna, to su kuma suna so su aika magana daga Damagaram ba igiya, su ga har ina take kaiwa. Shi aka aiko ya saurara ya rubuta. Mutanen gari suka sa masa Mai Kunnuwa, saboda wani baƙin abu da yake kifawa a kunne. Ya zagaya gari, ya ga tsamiya, ya ji kuma mai gidan ya iya liƙin ƙarfe, shi ke nan magana ta ƙare. Ba wanda ya tambayi Illa. Aka kwashe maƙerarsa aka maida cikin gida, aka kafa akwatin a zaure, aka ja waya daga ƙolin tsamiya zuwa wata doguwar azara da aka kafa bayan danga. Anten ke nan, kakan waɗanda muke ɗaurawa yau. Aka ajiye gardi a bakin ƙofa, Isufu, shi ne kuma tafinta.

Ku duba fa, gidan ƙofarsa ɗaya, ta zaure. Ko rijiya Baiwa za ta, sai ta raɓa ta bayan Nasara.

Sau biyu yake sauraro, rana tsaka da faɗuwar rana. Da ya kifa abin nan a kunne, gidan ya mutu. Ba daka, ba tari, ba kiran sallah da ƙarfi. Kajin Baiwa ma maƙwabta aka kai. Ranar da taɓarya ta suɓuce mata ta bugi turmi, Illa ne ya sha bulala biyar a gaban 'yarsa.

Damuwar Mai Kunnuwa ɗaya ce, parazit. Wannan ƙaraf-ƙaraf da shuuu da ke cinye magana a radiyo. Damagaram na bugo tit-tit-taa, shi kuma sai ya ji kamar ana suyar gyaɗa a kunnensa. Ya ɗaga anten, ya sauke, ya juya ta gabas, ya rubuta a littafi, banza. Ƙarshe ya ce laifin ƙasa ne, ta bushe da yawa. Gaskiyarsa kuwa, ko yau in wayar ƙasa ba ta samu danshi ba haka za ka yi ta fama. Sai ya sa aka tona rami siriri kewaye da tsamiya, taku goma daga gindinta ta kowane gefe, aka shimfiɗa wayar jan ƙarfe ciki kamar zobe. Ya ce Illa ya haɗa bakin biyu. Illa ya haɗa. Kuma da yake hannu ya saba, ya tofa kalmomin da ubansa ya koya masa, waɗanda ake faɗa in ana rufe bakin munduwa, cewa abin da ya ɗaure kada ya kwance sai da hannunsa. Bai ma san ya faɗa ba. Aka maida ƙasa.

Saura ruwa. Sarja ya ce kullum kafin faɗuwar rana a tuttula ruwan gishiri a gindin itacen.

Ranar wata Laraba ce, yamma irin ta kullum. Rana ta yi ja ta rataya bisa danga. Baiwa na tankaɗe a hankali don kada rariya ta yi ƙara. Shekara na tsintar tsamiyar da ta faɗo tana tarawa a faifai. Gishirin da aka kawo kantu ne na Balma, tauri kamar dutse, ya ƙi narkewa a ruwan sanyi, ga lokaci yana ƙurewa, ga Isufu yana leƙowa.

"Maƙeri, yi sauri mana. Ko bayanka ya warke ne kake neman ƙari?"

Sai Illa ya ɗora tukunyar bisa wutar maƙera, ya ja zuga-zugi. Nan da nan ta tafasa, gishiri ya narke. Ya kama ta da tsumma ya nufi tsamiya. Yana isa, Isufu ya ɗaga hannu daga zaure. Nasara ya kifa kunnuwa.

Kowa ya sani, ko yaron goye aka tambayi uwarsa ta sani, ba a zuba ruwan zafi ƙasa shiru. Sai ka ɗaga murya ka yi bisimilla, ka ce a kauce, don masu wurin su janye 'ya'yansu. Balle gindin tsamiya, balle almuru. Illa ya tsaya da tukunya tana ƙona masa hannu. Ya dubi zaure. Ya dubi 'yarsa. Ya yi bisimillarsa a zuci, ya zuba.

To su ba zuciya suke ji ba.

Ƙasa ta shanye ruwan, tururi ya tashi ya tsaya wuri ɗaya, bai watse ba. Tsuntsayen da ke kan itacen suka tashi gaba ɗaya, ba kuka. Can ƙasa, ƙarƙashin saiwa, wani abu ya tsanyara sau ɗaya, siririyar murya irin ta jinjiri, ya yi shiru. Baiwa ta saki rariya. A zaure Mai Kunnuwa ya fizge abin kunnensa ya yar, yana dafe da kai yana zagi da yarensu.

Dutsen farko ya faɗo kafin a kira magariba. Daga sama ya zo, ya sauka a tsakiyar garin da Baiwa ke tankaɗe. Na biyu ya fasa tulu. Illa ya ɗauki ɗaya ya saki da sauri, zafi gare shi kuma jiƙe yake. Isufu ya zagaya bayan danga da bulala yana neman 'yan jifa, ya dawo yana ta waige-waige.

Baiwa ta ce, "Shekara, taho ciki."

Yarinya ta ɗauki faifanta ta taho. Taku ɗaya, biyu, har tara. A na goma ta tsaya cak, daidai inda sabuwar ƙasa ta yi layi. Ta ɗaga ƙafa ta maida. Ta bi layin ta dama, ta zagaye itacen ta dawo inda ta fara.

"Inna, ba hanya."

"Wace irin ba hanya? Ga fili nan. Taho mana, 'yar nan."

"Ba hanya, Inna."

Wannan ce maganarta ta ƙarshe da muryarta har kwana bakwai.

Illa ya shiga ya sungume ta. Yana ƙetare layin da ita, jikinta ya sanƙare, ido ya kafe, numfashi ya ɗauke ɗif. Ya yi tsaye da ita a hannu kamar itace. Baiwa ta dafe bakinta da hannu biyu don kada ihu ya fito. Da ya koma da baya taku ɗaya, sai yarinya ta ja iska da ƙarfi kamar wadda aka tsamo daga rijiya. Sau uku ya gwada. A na uku ta daɗe ba ta dawo ba, bai ƙara ba.

Haka Shekara ta zauna cikin zoben nan. Kowa na shiga yana fita, akuya ma ta shiga ta fita, ban da ita. Aka kafa mata zana don rana. Ba ta ci, ba ta sha sai abin da uwar ta ɗiga mata da ludayi. Ba ta kwanciya sosai, zagaye take yi, bisa layin, a hankali, har ƙafarta ta fitar da 'yar hanya. Kullum rana ta yi ja duwatsu su fara sauka. Abin da ya fi tsoratar da Isufu kuwa, da lokacin sauraro ya yi sai ta tsaya ta karkata kai, ta fara da harshenta, tit-tit-taa, taa-tit. Ya rantse daidai yake da abin da ke fitowa a kunnen Nasara, har takan riga shi.

Illa ya durƙusa gaban Mai Kunnuwa ya roƙi a tone wayar. Isufu ya fassara maganar. Nasara ya leƙa ya dubi yarinya, ya ce zazzaɓi ne, ya ba da kinin ƙwaya biyu. Ya ce waya ta gwamna ce, wanda ya taɓa ta sai kaso a Damagaram. Ya ƙara da cewa surutun yarinyar yana ɓata masa aiki. Daga ranar, in ya kifa kunnuwa, Baiwa ce da kanta take shiga ta rungume 'yarta ta toshe mata baki da tafin hannu. Tana jin harshen yana bugun tafinta, hawaye na zuba, ba halin shessheka.

Su gudu, ba su iya ɗaukarta. Su zauna, tana ƙarewa a gabansu. Kwana shida, wuyan hannunta ya koma kamar sillen kara, munduwar da uban ya yi mata ta zame ta faɗi da kanta.

Ran na bakwai Mai Kunnuwa ya hau doki ya tafi Kance, ya ce sai faɗuwar rana. Tun da asuba ƙanin Baiwa ya riga ya tafi Dawce kiran Malam Lawwali. Malam ya iso bayan azahar bisa jaki, tsoho ne ɗan ƙarami, ba wani kwarjini, da buta da allo. Isufu ya tare ƙofa, ya dube shi, ya dubi Illa.

"An ce kar kowa ya shiga."

Illa ya ce, "Isufu, kai ma kana da 'ya."

Gardi ya sosa ƙeya. "Ni dai zan tafi masallacin kasuwa. Kuma ramuwar salla ta taru mini tun Damagaram, zan daɗe."

Malam bai fara da karatu ba. Ya bi 'yar hanyar da ƙafar yarinya ta fitar, ya zagaya. Ya ɗebi ƙasar gindin itacen ya ɗanɗana ya tofar. Ya sa Illa ya faɗi komai, tun daga ramin har tukunyar.

"Da ka haɗa bakin wayar, me ka ce?"

Sai a nan Illa ya tuna. Ya faɗa.

"Da za ka zuba ruwan fa?"

"Allah gafarta Malam, a zuci na yi."

Malam ya girgiza kai kawai. Ya karɓi ƙwaryar ruwan sanyi, ya ɗaga murya yadda har maƙwabta suka ji, ya yi bisimilla, ya ce a kauce, ya zuba a gindin tsamiya. Sannan ya zauna cikin zoben ya fara karatu, ba sauri. Iska ta tsaya. Inuwar itacen ta yi nauyi kamar za ta danne mutum. Shekara ta bar zagaye. Ta juyo, ta zauna irin zaman tsofaffin mata, ƙafa miƙe, ta buɗe baki. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, mai kauri, kamar daga cikin randa.

"Yau ne aka tuna da sallama?"

Baiwa ta zube. Malam ya ce, "Salamu alaikum. Musulma ce ke ko kuwa?"

"Na riga kakanka salla, kai ɗan tsugul."

"To madalla, kin san hakki ke nan. Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ɗana me ya yi wa ubanta? Yana wasa a ƙofar ɗakinsa. Tun kafin a yi garin nan muke zaune, ba wanda ya taɓa zuba mana ko ruwan wanke hannu bai yi magana ba. Uban wannan maƙerin ma ya san mu. Bayan ɗana ya saluɓe, ga gishiri a ciki. Gishiri, Malam."

Illa ya fashe da kuka. "Wallahi tsoron bulala ne, Iya. Ban yi da gangan ba."

"Bulala biyar. Na ƙirga, ina sama. Ɗana kwana bakwai yake kuka."

Malam ya ce, "Ya mutu?"

Can ta ce, "Bai mutu ba."

"To ba ki da ikon rai. Faɗi abin da kike so."

"A ƙone akwatin Nasara."

"In an ƙone, su ƙone unguwa. Da tsofaffi da jarirai. Kin ɗauka?"

Yarinya ta kau da kai. Malam ya ci gaba da karatu, ya ɗan ɗaga murya. Jikin Shekara ya kama rawa, ta dafe ƙasa.

"Bari! Bari, ɗan Adam. Kana tsammani zaman daɗi nake yi a jikin nan? Ƙashi ne da fata. Tun ranar da aka ɗaura ƙarfen nan a kan gidana ban runtsa ba. Maganar Damagaram, maganar wasu garuruwa can bayan teku, duk ta cikin ɗakina take bi ta sauka ƙasa. Na ce mu tashi mu bar masu. Na zo fita na tarar an kewaye ni, an ɗaure da kalma. Mai maganin ƙuna yana Kurni, ba ni da hanyar kai yaro. Na shiga jikin wannan ko za ta fitar da ni, ita ma ta kasa. To in ni ban fita ba, ba mai fita."

Nan Malam ya juya ya dubi Illa. Wanda ya ɗaure shi ke kwancewa, kuma kowa a gidan ya san hukuncin taɓa wayar.

Illa ya share fuska. "In na buɗe, za ki sake ta?"

"Zan sake ta. Amma ƙunar ɗana ba ta tafi a banza. Ka raba ni da gidana, kai ma ba ka ƙara kwana a naka."

Baiwa ta ce, "Baban Shekara, tsaya tukuna, Malam ya ƙara roƙonta..."

Malam ya roƙa. Ya yi tayin baƙin bunsuru, ya yi tayin sadakar nono har shekara. Ta ce ba ta cin nama, nono kuma tana da shanunta. Rana tana ta sauka. Inuwar azara ta riga ta taɓa danga.

Illa ya tashi ya ɗauko magagari. Ya san daidai inda ya haɗa, ta gabas. Ya tona da hannu, waya ta fito, har ta fara kore saboda gishiri. Ya ɗaga murya ya yi bisimilla, ya fara goga. Wayar mai kauri ce, kuma liƙin nasa ne, ba ya saki da sauƙi. Ƙarar magagari ta cika gidan da ya yi wata biyu ba a yi ƙara a cikinsa ba. Ya yanke nan, ya matsa kamar yatsa huɗu ya sake yankewa, ya cire guntun.

Shekara ta yi atishawa sau uku ta kife. Ƙura ta taso a gindin tsamiya, 'yar guguwa, tsayin mutum. Wata ƙarama ta taso a gefenta, tana tafiya tana tsayawa, babbar tana jiranta. Suka bi ta wannan 'yar kafa ta yatsa huɗu, suka ratsa tsakar gida, suka shige zaure, takardun Nasara suka tashi sama suka zube. Suka fita suka yi hanyar Kurni.

"Inna, ƙishirwa."

Muryarta ce. Baiwa ta kama hannunta, suka taho tare, suka zo layin. Yarinya ta taka ta wuce ba ta ma lura ba.

Ba a gama dama mata fura ba aka ji kofaton doki. Malam ya riga ya fice. Illa bai ko maida ƙasar ramin ba, ya zauna bakin maƙera yana jira. Mai Kunnuwa ya tattara takardunsa yana faɗa, ya duba agogo, ya kifa kunnuwa. Gida ya yi tsit.

Sai aka ga ya miƙe tsaye a hankali. Ya danna abin a kunne da hannu biyu. Wallahi Isufu ya ce daga bakin ƙofa yana jin tit-tit-taa tar-tar, kamar a ɗaki ɗaya ake bugawa, ba ƙaraf ko ɗaya. Nasara ya rubuta, ya rubuta, ya cika shafi. Da aka gama ya fito yana bin waya da ido, daga akwati zuwa itace, daga itace zuwa ƙasa, har ya zo kan ramin. Ya tsuguna. Ya ciro ma'auni ya auna kafar. Ya tambaya wa ya yi wannan.

Illa ya ce shi ne. Ya miƙa hannu biyu don a ɗaure.

Nasara ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa, ya yi ta zuba magana. Isufu yana fassarawa. Wai wata biyu yana neman abin da maƙeri ya gano da magagari. Wai wa ya koya masa, me ya sa ta gabas, me ya sa yatsa huɗu. Wai irin wannan hannu ba a barinsa a ƙauye. Akwai wayar Damagaram, akwai wadda za a kafa Agadas, akwai ta Balma, duk parazit ya hana su sakat. Yanzu-yanzu zai rubuta takarda, Isufu ya tafi da shi, su kwana a hanya, gobe kwamandan Damagaram ya gan shi.

"Ka ce masa ba ni na yi ba," in ji Illa. "Ka faɗa masa gaskiya."

"In ce masa me, Maƙeri? In ce aljana ce ta tashi?"

Ba a ba shi ko lokacin cin tuwo ba. Baiwa ta ƙulle masa magagari da awartaki da 'yar riga a tsumma, ba ta kuka, ta riga ta gama nata. Shekara ba ta tuna komai, ita dai ta ga ana shirin tafiya. Ta biyo su har bayan gari tana dafa danga, ƙafafun nan kamar ba za su ɗauke ta ba. Tsofaffi sun ce an ga Illa a Agadas bayan shekara biyu, wani kuma ya ce Balma. Matameye dai bai sake takowa ba.

Ranar dai, a bakin gonaki Illa ya tsaya ya ce ta koma.

"Baba, yaushe za ka dawo?"

Ƙafafunta yake kallo.

"Juya ki tafi in gani."

Ta juya. Yana ƙirgawa a fili, da ƙarfi, ba mai hana shi. Takwas, tara, goma, goma sha ɗaya. Ya kai arba'in tana ta tafiya, sannan ya ce wa Isufu, "Mu je."